Maɓallin gem ya daina amsawa: yaya kuka yi da naku?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Game Boy Advance ce yayana ya bar mini, irin ta farko da ta fito a 2001. Maɓallin A sai na matsa da ƙarfi kafin ya amsa, B kuwa shiru. Don Allah wanda ya taɓa gyara irin wannan ya taimaka.

Mai gyaran waya, Kano:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba mutuwa ya yi ba, datti ne. A ƙarƙashin maɓallin akwai roba mai baƙin ɗigo, shi ne yake haɗa layuka biyu a kan fanel, wato allon lantarkin da ke ciki, idan ka danna. Ƙurar hunturu da gumin hannu suna taruwa a nan har wuta ta kasa wucewa. Cire batir tukuna. Yawancin sukurorin bayanta masu baki uku ne kamar harafin Y, sai ka nemi sukundireba irin nasu. Idan ka tilasta da na gama-gari kan zai cinye, fitar da shi ya zama aiki. Ka jiƙa auduga da sifirit mai ƙarfi, isopropyl na kashi 90 ko sama, ka goge layukan nan masu ruwan zinare na kan fanel. Ɗigon robar kuma a hankali, kar ka kankare shi. Ya bushe sarai kafin ka rufe. Mafi yawan waɗanda ake kawo mini a nan suke warkewa.

Maman yara, Zariya:
Malam, gem ɗin ɗana DS Lite ce, maɓallin L na kafaɗa. Shi ba roba ba ne, ɗan ƙaramin makunni ne mai ƙarar ƙas-ƙas. Na ɗiga masa sifirit kaɗan na yi ta dannawa, ya dawo. Da ya sake tsayawa sai mai gyara ya cire shi ya liƙa sabo da dalma.

Ɗan Maraɗi:
Tawa PSP ce. Gogewa ba ta yi ba, domin ɗigon ya riga ya suɗe. Na shafa masa fensir, ya ɗan yi aiki ya koma. Sabuwar roba ce ta raba gardama. Amma ku kula da siraran wayoyin nan masu faɗi na ciki, a ɗaga ɗan makullinsu kafin a ja. Kuma ku ɗauki hoto a kowane mataki.

Mai gyaran waya, Kano:
Gaskiyarka. Ƙari ɗaya: kar kowa ya sa fetur ko tina (ruwan tsinka fenti), suna cin roba da jikin gem ɗin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na goge, A ya dawo daidai. Robar B a yage take ta gefe, gobe in sha Allah zan duba ko za a samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.