Ciwon ba a jiki yake ba, ina da haƙƙin diyya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Ni dama ba ni ya kamata in je wurin ba. Ƙanwar mijina ce ta ce za ta je, daga baya ta ce kanta na ciwo, ga shi akwai 'yar tsama tsakaninmu tun bara, in na ƙi a ce ba na son dangin miji. Haka na ɗauki yarona muka tafi wani babban ginin kasuwanci. Muna saukowa daga bene sai wani ƙaton gilashi ya ɓalle daga sama ya tarwatse a gabanmu, taku ɗaya ya rage. Ƙwarzane kawai na samu a hannu, yaron lafiya lau. Amma tun ranar ban koma daidai ba. Barci ya gagara, da na rufe ido sai in ji ƙarar. Ko cokali ya faɗi sai gabana ya yanke. Wurin aikina a hawa na sama yake, na kasa shiga, har an fara yanke min albashi. Ana biyan diyya a kan irin wannan, ko sai an ga jini?

Maman 'yan biyu: Subhanallahi! Sannu 'yar'uwa, Allah ya tsare gaba. Ni dai ki gode wa Allah ki bar maganar. Mahaifiyarmu santsi ya kwashe ta a wani asibiti, ƙugu ya goce, muka ɗauki lauya. Kullum a ɗage zama, shi kuma kullum kawo kuɗin mota. Har ta rasu ba mu ga komai ba, yayyena har yau ba sa ga maciji da juna saboda kuɗin da aka kashe.

Tsohon ma'aikacin inshora: Hajiya, Allah ya jiƙan Mama, amma kada ki kashe mata gwiwa. Ƙanwata, ana biya. Sai dai a ƙasashen da ke bin tsarin shari'ar Ingila, kotu ba ta biyan tsoro ko ɓacin rai zalla, sai cutar da likita ya tabbatar. Abin da kika lissafa ya yi kama da PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan haɗari, wadda likitocin Amurka suka sa a kundinsu tun 1980, kuma sai alamun sun wuce wata ɗaya ake kiranta haka. Ƙarfinki shi ne ke ce a cikin haɗarin, ba kallo kika yi ba. A turmutsitsin filin ƙwallo na Hillsborough da ke Ingila a 1989, wanda ya ci rai 97, dangin da suka gani ta talabijin sun nemi diyya, kotun ƙoli ta lokacin ta hana su a 1991. Ke ba sahunsu ɗaya ba. Abin da ya rage ki nuna sakacin masu ginin ne. Lauya ya rubuta musu yau su adana hoton kyamarar tsaro, don sau da yawa cikin makonni ake goge shi. Ki ajiye takardar albashin da aka yanke. Kuma akwai wa'adi: a Ingila shekara 3 ne, wasu wuraren bai kai haka ba. Yaushe abin ya faru?

Mai tambaya: Na gode Yaya. Amma gaskiya ba zan je wurin likitan ƙwaƙwalwa ba, dangin mijina su ji su ce na taɓu. Kuma manajan ginin mutumin kirki ne, shi ya kai mu aka wanke min hannu, ya biya, na sa hannu a wata takarda.

Tsohon ma'aikacin inshora: Wace takarda? Me aka rubuta? Kina da kwafi?

Mai tambaya: Ba su ba ni ba. Jikina na rawa, yaro na kuka, wa zai tsaya karatu a wannan hali? Ku da ba ku wurin ba za ku gane ba.

Baban Yara: To ai magana ta ƙare, 'yata. In kin sa hannu kin yafe kenan. Haka aka yi min da na faɗa ramin da aka bari buɗe a bakin titi. Ki lallaɓa manajan, ko me ya ba ki ki karɓa.

Tsohon ma'aikacin inshora: Baba, da girmanka, ba haka ba ne. Wataƙila rahoton haɗari ne kawai, wanda ma shaida ce a gare ta. Ko ta yafewa ce, lauya zai duba halin da aka sa ta sa hannu. Kada ki karɓi komai kafin likita ya san zurfin abin, don in kin sasanta an rufe ƙofa ko da ciwon ya ƙaru. Ba rahoton likita, ba shari'a. Na faɗa na ƙara.

Anti Nas: Duk kuna ta kuɗi, ba wanda ya tambayi yaron. Yana barci? Yana firgita? Ƙanwata, ganin likitan nan don kanki ne, ana warkewa, kuma sirrinki ba ya fita.

Mai tambaya: Yaron ƙalau yake Anti, na fi kowa saninsa. Ni tambayata, ba yadda za a yi ba tare da likitan nan ba? Manajan ya kira mijina ya ce mu zo gobe mu zauna, kuma maigida ya riga ya amsa.