Yaya mutum zai gane yana ci gaba idan shi kansa ba ya gani?

Ɗan Adar, daga Yamai:

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da na baro Tawa na zo Yamai koyon ɗinki a wani shago kusa da kasuwar Wadata, bayan rasuwar mahaifinmu. Sa'o'ina da suka tafi ci-rani Abijan suna aiko da kuɗi gida, ɗaya daga cikinsu har ya gina ɗaki ya yi aure, ni kuwa har yanzu a shagon maigidana nake kwana, kuma ban mallaki keken ɗinki na kaina ba. Idan na kwanta da dare sai in ji kamar inda na tsaya ranar da na sauka a tasha, nan nake har yau. Ina roƙon manya su faɗa mini: da me mutum yake auna kansa ya san bai tsaya wuri ɗaya ba, kuma da me yake riƙe zuciyarsa kafin a kai ga gani?

Manomin Illela:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni ban san ɗinki ba, amma na san fako, kuma kai ma ɗan Adar ne, ka san shi. Bayan farin 1984 akwai filaye a wajenmu da suka bushe suka yi tauri har ruwan sama ba ya shiga cikinsu, gudu kawai yake yi a kansu ya wuce. Daga baya muka kama haƙa tassa: ƙananan ramuka da ake yi tun da rani, a zuba taki a ciki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasar, sai ruwan damina ya sami hanyar nutsewa. Shekarar farko da na gwada, abin da na samu bai kai wahalar da na sha ba, kuma duk wanda ya dubi filin daga hanya zai ce fakon nan yana nan yadda yake. Amma ni da nake sara da hannuna na lura cewa a rani na biyu ƙasar ta fi saurin karɓar ƙarfe. Wannan ne alamar farko, kuma a hannu na ji ta, ido bai gan ta ba. Hatsin da ake ɗaurawa dami-dami ya zo ne bayan haka da shekaru.

Saboda haka ka daina duban kanka daga hanya. Ka tambayi hannunka: wane aiki ne da yake gagarar ka a da, yanzu kake yin sa kana hira?

Malamar yaƙi da jahilci, daga Tawa:

Ƙanena, maganar Baba ta isa, sai dai zan ƙara abu ɗaya da nake yi da matan da nake koyarwa. Ina ajiye takardar da kowace ta fara rubuta sunanta a kai, domin bayan wata shida kusan dukansu sukan ce mini ba su koyi komai ba, kuma ba ƙarya suke yi ba, haka suke ji, tun da idon mai koyo yana buɗewa ne tare da hannunsa, sai ya riƙa ganin kurakuran da a da ba ya iya gani. Ranar da na fito da tsohuwar takardar na ajiye ta kusa da sabuwa, wata takan yi shiru, wata hawaye. Ka nemi ɗinkinka na farko idan yana nan. Batun sa'o'inka kuwa, kuɗin da suke aikowa kake gani, ba ka ganin inda suke kwana. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Ɗan Adar, daga Yamai:

Na gode Baba, na gode Malama, Allah ya saka da alheri. Jiya na buɗe jakata na sami wandon da na fara ɗinka wa kaina, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, aljihun kuma ya karkace. Sai na tuna cewa a shekarar farko guga da sa maɓalli kawai ake ba ni, amma a ƙaramar sallar da ta wuce maigidana ya miƙa mini almakashi da shaddar wani alhaji ya ce in yanka, ya fita bai ko tsaya duba awon ba. A lokacin na ɗauka yawan aiki ne ya sa shi. Na yanke shawarar in riƙa ware jika ɗaya duk mako saboda keke, kuma wandon nan na rataye shi a ƙusa kusa da inda nake zama.