Tambaya: me zai fi wahalar da masu son zama a duniyar Mars?

Malamin_Fiziks_Gwale:
Assalamu alaikum. Ɗalibaina 'yan aji biyu na babbar sakandare za su yi muhawara kan ko ɗan Adam zai iya kafa matsuguni a duniyar Mars. Abin da ke yawo a waya duk hotunan roka ne da alkawura. Don Allah masana su ba mu lissafi na gaskiya: iska, ruwa, wuta da abinci, wanne ya fi wuya, kuma me ke lalacewa? Sannan sola ba za ta ishe su ba, tunda ga gidaje da yawa a nan Kano sun koma kanta?

Injiniya_Sharaɗa:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara da iska. Matsinta a can bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba, kuma kusan kashi 95 cikin 100 ɗinta kabon dayoksaid ce. Mutum ya fita ba riga ta musamman, yawun bakinsa ma tafasa zai yi, ya suma cikin daƙiƙa 15 ko ƙasa da haka. Dole gida ya zama rufaffe ruf, an hura masa iska. In an hura daidai da matsin iskarmu, kowace murabba'in mita ta bango tana ɗauke da turin kusan tan 10 daga ciki. Ƙarfen ba shi ne abin tsoro ba, robar bakin ƙofa ce, wadda ƙura ke ci kullum aka buɗe.

Oksijin kuwa an gwada haɗa shi a can. Motar Perseverance da ta sauka a 2021 ta tafi da wata na'ura, MOXIE, mai zuƙo iskar Mars, ta matse ta, ta gasa ta zuwa digiri 800, sannan lantarki ya ɓalle oksijin daga jikinta. Sau 16 aka kunna ta, jimilla ta ba da giram 122. Baligi yana shaƙar kimanin giram 840 a rana, ka ga duk abin da ta tara bai kai numfashin awa huɗu ba. Kuma numfashi ne ƙaramin buƙata: rokar da za ta ɗago mutum huɗu daga Mars tana son oksijin tan 25. Injin da ke ba da kilo 2 a awa sai ya yi wajen wata 17 yana aiki bai tsaya ba, kafin kowa ya iso. In ƙarfin lantarkin ya ɗan zarce, baƙin gawayi ke taruwa ya toshe faifan cikinsa.

Batun sola: hasken rana a can kusan kashi 43 cikin 100 ne na wanda muke samu, ga guguwar ƙura da kan lulluɓe duniyar gaba ɗaya har makonni. Ita ta kashe motar Opportunity a watan Yuni na 2018, ƙurar da ta taru a kan farantai kuma ta kawo ƙarshen kumbon InSight a Disamba 2022. Mota in ta mutu asarar kuɗi ce, amma gidan da wutarsa ta ɗauke a sanyin digiri 60 ƙasa da sifiri, rayuka ne. A ganina ba makawa sai ƙaramin injin nukiliya, sola ta zama ƙari.

Dakta_Tarauni:
Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni jikin mutum ne damuwata. Mars ba ta da garkuwar maganaɗisu irin tamu, iskarta kuma ba kauri. Ma'aunin da ke jikin motar Curiosity ya nuna radiyeshan, wato ƙwayoyin sararin samaniya masu ratsa jiki su illata shi, na milisibat 1.8 (ma'aunin abin da jiki ya sha) a rana a kan hanya, da kusan 0.7 a rana bayan sauka. Zuwa da dawowa da zaman kwana 500 sun kai kusan 1,000, alhali iyakar da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sa wa ɗan sama-jannati a duk tsawon aikinsa 600 ce. Mu a nan wajen 3 muke sha a shekara. Magani bayan sauka shi ne a binne ɗakin kwana ƙarƙashin mitoci na ƙasa. Siririn ƙarfe yakan ƙara ɓarna, domin ƙwayoyin da suka doke shi tarwatsewa suke yi su haifi wasu.

Sai ƙashi. Inda babu nauyi, ƙashin ƙugu da na baya suna zaizayewa da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 duk wata, ko da ana motsa jiki awa biyu kullum. Malam, ka nuna wa yara wannan, don yana koyar da abu babba: kalsiyam ɗin da ƙashi ke zubarwa ta fitsari yake fita, kuma a 2009 shi ya daskare ya toshe injin tace fitsari na tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, har aka rage yawan ruwan da ake tatsa. Sai a 2023 aka kai ga dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan tashar. Ciwon jiki ya zama ciwon inji, wanda gwajin da aka yi a ƙasa bai nuna ba.

Manomi_Kabuga:
Hajiya Dakta, a ƙara da ƙasar noma. Kumbon Phoenix ya gano gishirin pakuloret a ƙasar Mars a 2008, wajen rabin kashi 1 cikin 100. Yana hana jiki amfani da ayodin, hanyar maƙoƙo ke nan. Yana narkewa a ruwa, don haka ana iya wanke ƙasar, amma da ruwan da sai an haƙo ƙanƙara, an narka, an tace.

Ku karanta wa ɗalibai labarin Biosphere 2, wani rufaffen ginin gwaji mai gona a ciki, a jihar Arizona ta Amurka. Mutum takwas aka rufe daga 1991 zuwa 1993. Oksijin ya sauko daga kashi 21 zuwa wajen 14, har aka turo musu daga waje. Ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa mai taki ne suka shanye shi, kankaren ginin kuma ya haɗiye kabon dayoksaid ɗin da tsirrai za su mayar oksijin. Siminti fa!

Injiniya_Sharaɗa:
Maganar Hajiya kan injin fitsari ta tuna min kayan gyara. Tashar sama tana samun kaya sau da yawa a shekara. Hanyar Mars kuwa sau ɗaya take buɗewa duk wata 26, tafiyar ta ci wata shida zuwa tara. Famfo ya ƙone, ba Ƙofar Ruwa da za a aiki yaro ya sayo wani. Ko tambayar injiniya a duniya, saƙo kan ɗauki har minti 22 kafin ya isa, amsa ma haka. Saboda haka kowane inji mai riƙe rai sai an tafi da biyu ko uku, da ƙusoshi da robobi masu girma ɗaya, da wurin ƙera sabo. Duk wannan nauyi ne, kuma mafi nauyin abin da aka taɓa saukarwa lafiya a Mars ita ce Perseverance, tan ɗaya da ɗan ɗoriya. Kumbon mutane ana maganar tan 20 zuwa sama, iskar can kuwa ta yi wa lema kaɗan ta tsayar da shi, sai an kunna roka ta taka masa birki tun yana gudun da ya fi na sauti.