Muhawara: Me Ya Sa Bos Ɗin Labari Yake Zama Mutumin Kirki a Idon Gari?

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na karanta babi na tara na labarin da Anti Hauwa take sako mana duk Juma'a, kuma gaskiya raina bai so ba. Tun farko ana nuna mana Alhajin nan yana raba gero da sukari da azumi, shi ya gina masallacin unguwa, shi ke biya wa marayu kuɗin makaranta, yanzu kuma wai shi ne ya cinye gadon 'ya'yan ƙanensa. Ni dai na gaji. Littafi ko fim, da ka ga mai farar babbar riga da carbi, ka san shi ne bos. Wannan salon aro ne daga fina-finan waje, kuma yana koya wa yaranmu zargin duk mai aikin alheri. Ba a banza ake cewa shaidar duniya ita ce ta lahira ba.

Anti Hauwa: Wa alaikumus salam Yaya. To da ka so in sa wa? Ɗan daba mai tabo a fuska? Ai wannan ko jaririn goye ya san ya kauce masa, babu labari a ciki.

Malam Habu: Baban Walida, maganar aro ɗin ce ban yarda da ita ba. Bos ɗin Indiya da muka taso muna kallo, irin su Amrish Puri, tun daga zare ido ka san ba alheri. Namu kuwa ya girme su. Ka koma Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda ta fara fitowa a 1937. Wa ke neman halaka Musa ɗan Sarki don ya gaji sarauta? Waziri ne, na hannun daman Sarki. Labaran da aku yake zubawa a littafi na farko, don ya hana yaron fita ya faɗa tarkon Waziri ne. Kuma tun kafin boko muna da kalmomin: Musa a baki Fir'auna a zuci, macijin ƙaiƙayi, kura da fatar akuya, tuban muzuru. Mutanen da ba su san abu ba ba sa yi masa suna har huɗu.

Baban Walida: Malam, Waziri Sarki ne kaɗai ya yarda da shi. Makircin fada daban, wannan kowa ya sani. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne a ɗauko wanda gari duka ya shaida, mai sahun farko a masallaci, a ce shi ne mugu. Akwai hadisi fa: aka wuce da gawa, Sahabbai suka yabe ta, Annabi (SAW) ya ce ta tabbata, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa.

Ustaz Nura: Hadisin ya inganta, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma Baba, a cikin Muslim ɗin dai akwai hadisin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama: wanda aka kashe a fagen yaƙi, da malami makarancin Alƙur'ani, da mai dukiya mai kyauta. Kowanne za a ce masa ƙarya kake, ka yi ne don a ce, kuma an ce. Ka lura da wannan "an ce" ɗin, ma'ana duniya ta riga ta yabe su. Aya ta 204 a Baƙara ma tana magana a kan wanda zancensa ke burge ka, yana kafa Allah shaida a kan abin da ke zuciyarsa, alhali shi ne mafi tsananin husuma. Ni inda nake jan kunne shi ne aya ta 12 a Hujurat, a nisanci yawan zato. Marubuci ya ƙirƙiri mutum ya tona shi, wannan ba zato ba ne. Mai karatu ya rufe littafi ya fara kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido, nan ne matsalar.

Baban Walida: To ai ka faɗi abin da nake faɗa, Ustaz.

Ɗan Damagaram: Ku bari in shigo da wani abu daga makarantarmu ta nan Nijar. An karantar da mu wasan kwaikwayon wani Bafaranshe, Molière, mai suna Tartuffe. An fara nuna shi a 1664 gaban Sarki Louis na 14, aka hana nuna shi ga jama'a saboda manyan coci sun ce cin mutuncin masu ibada ne, har Babban Limamin Paris ya yi barazanar korar duk wanda ya kalla daga coci. Sai a 1669 aka sake shi. Ƙorafinsu sak irin na Baban Walida, da girmamawa.

Mai gida ne, Orgon, ya tsinci wani mai yawan ibada a coci ya kawo shi gidansa. Ya yi masa alkawarin 'yarsa, ya kori ɗansa na cikinsa don ya faɗi gaskiya a kansa, ya rubuta masa dukiyarsa. Sai da matar gidan ta sa mijin ya ɓuya ƙarƙashin tebur ya ji da kunnensa baƙon yana neman ta, sannan ya farka. Amma wurin da ban taɓa mantawa ba shi ne bayan wannan. Orgon ya ce wa tsohuwarsa na gani da idona, ita kuma ta dage cewa mutanen kirki kullum ana yi musu hassada. Ajinmu aka fashe da dariya, malaminmu bai yi ba. Ya ce mu dubi tsohuwar da kyau, domin ita ce mu.

Maman Sadik: Ni ban yi karatun Faransa ba, amma na zauna da irin wannan. Da mijin yayata ya rasu, wansa ne ya karɓi takardun gida da shago, wai zai juya wa yara. Mutum ne da in ya fito layi sai gaisuwa ta ko'ina, duk Juma'a almajirai a ƙofarsa. Shekara uku ko kwano ɗaya na masara bai aiko ba. Na raka ta wurin mai unguwa. Muna durƙushe tana bayani tana kuka, shi kuwa yana ta gyara zama a kan sabuwar darduma, ashe ita ma mutumin ne ya saya wa zauren. Da ta gama ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah, Alhaji ne fa." Shi ke nan shari'ar. Kafin mu isa gida labari ya riga mu, wai takaba ta taɓa mata kai. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Kuma ni a ganina rabon hatsin nan ba ɓoye laifi kawai yake yi ba, shi ne katangar. Duk wanda ya ci buhunsa ya zama mai gadinsa ba tare da ya sani ba.

Anti Hauwa: Allah sarki. Allah ya bi musu haƙƙinsu.

Baban Walida: Amin. Ban ƙaryata ki ba, Maman Sadik, kuma na tausaya. Amma ni ma ina da nawa. Wani dattijo a layinmu ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sa famfo a waje kowa ya ɗiba. Wata biyu ba a yi ba samari suka fara cewa kuɗin tsafi ne, wai ai haka suke yi a fim. Bawan Allah nan fanshonsa ya tara. Ranar da maganar ta kai kunnensa ya zauna a dakali ya kasa cewa komai. Wannan zaluncin wa zai rubuta shi?

Sadiya: Baba, ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na gaske ya fi na littafi muni. A Ingila an yi Jimmy Savile, mai gabatar da shirye-shirye a BBC. Ya tara wa asibitoci da gidajen agaji miliyoyin fam, Sarauniya ta ba shi lambar Sir a 1990, ya mutu a 2011 aka yi masa jana'iza ta girma. Shekara ɗaya bayan nan asiri ya tonu, mutane ɗaruruwa suka fito suka ce ya ci zarafinsu, da yawansu suna yara a lokacin. Wasu sun yi magana tun yana raye, ba a saurare su ba. Da marubuci ne ya ƙirƙiro shi, da an ce ya zuzuta.

Baban Walida: 'Yata, mutum ɗaya a Ingila ba zai sa in zargi masu alheri dubu a Kano ba.

Sadiya: Ba zargi nake cewa a yi ba Baba. Saurare nake cewa a yi, idan mai ƙaramin ƙarfi ya zo da kuka.

Malam Habu: Anti Hauwa, kar ki ga kamar ina bayanki ɗari bisa ɗari, ni ma ina da ƙorafi a kan babin, sai dai ba irin na Baban Walida ba. Kin sa Alhaji ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa ya ƙyalƙyale da dariya, yana cewa shi kaɗai "na gama da su". Wa ke yin haka? Irin mutumin da Maman Sadik ta ba da labari, na tabbata barcinsa yake yi har da minshari. Yana gaya wa kansa ajiya yake yi wa yara, uwarsu ba ta iya riƙe kuɗi ba, kuma ai yana sadaka. Da kin bar mu mun shiga kansa mun ji hujjarsa har ta kusa gamsar da mu, da mun ji tsoro. Da kika sa masa dariyar bos, kin sallame mu, kowa ya ce ai ni ba haka nake ba.

Kuma wannan ne ya haifi samarin layin Baban Walida. Idan labari ya koya maka cewa alamar mugu ita ce farar riga da kyauta, alama kawai ka canza, da tabo ne yanzu carbi. Ba a koya maka duban komai ba.

Sai ƙarshen da kuke yi, ku marubuta. Kullum hatsarin mota, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ya haukace yana tona kansa a kasuwa. Savile da Sadiya ta ambata a gadonsa ya mutu yana da shekara 84.

Anti Hauwa: Malam, dariyar na karɓa, kuskurena ne, zan cire ta. Amma ƙarshen kam ba ka san masu karatuna ba. Na taɓa barin wata muguwar kishiya ta gama lafiya, kwana uku wayata ba ta huta ba, har da mai cewa in ji tsoron Allah. Mutane suna ganin azzalumi yana shan iska a unguwarsu, ba za su sayi data su zo su sake ganin haka a wurina ba.

Malam Habu: Ai Molière ɗin ma na ji an ce sai da ya kawo Sarki ya warware.

Ɗan Damagaram: Haka ne, ɗan saƙon Sarki ne ya zo ya kama baƙon nan mai yawan ibada a ƙarshe, ana dab da korar masu gida daga gidansu.

Baban Walida: To Anti, ga roƙona. Ki sa mana wani mai kuɗi ɗaya a labarin wanda alherinsa na gaske ne har ƙarshe, kuma a zarge shi a banza, mu ga yadda yake ji.

Anti Hauwa: Zan duba, Yaya, amma ban yi alkawari ba, babi goma sha biyu ne duka. Maman Sadik, ki ba ni izini in ari mai unguwar nan da dardumarsa? Babi na goma nake so in buɗe da shi.

Maman Sadik: Ɗauki. Ki dai canza launin, tasa koriya ce, kuma har yau tana zauren.