Me ya sa ba a ƙara wa mai ciwon huhu oksijin ba alhali awonta 89 ne?

Ɗalibar jinya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan aiki. An koya mana cewa awon oksijin a jinin lafiyayyen mutum yakan kasance tsakanin kashi 95 zuwa 100, amma a ɗakin da nake koyon aiki akwai wata dattijuwa mai daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci ke kira COPD, awonta ya tsaya a 89, an kuma bar ta a kan oksijin lita 2 a minti. Na nemi a ƙara mata, babbar nas ta ce a'a. Don Allah a fahimtar da ni, domin hakinta yana tayar mini da hankali.

Malamin jinya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Babbar nas ta yi daidai. Oksijin magani ne, yana da ƙa'idarsa, kuma likita ne ke rubuta iyakar da ake so. Ga yawancin marasa lafiya ana neman 94 zuwa 98, amma ga mai irin wannan ciwo ana tsayawa tsakanin 88 da 92, saboda huhun da ya daɗe da lalacewa ba ya iya fitar da iskar kabon dayoksaid, wato gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ta numfashi, yadda ya kamata, kuma idan aka cika masa oksijin sai gurɓatacciyar iskar ta ƙara taruwa a jini. A nan ne haɗarin yake ɓuya: lamba ta hau, haki ya lafa, 'yan uwa su yi hamdala cewa ta samu barci, alhali suma ce ke tafe. Ciwon kai da gyangyaɗi da ruɗewa su ne alamomin. Sai dai kada wannan ya sa ki hana ta oksijin idan awonta ya faɗi ƙasa da 88, domin rashin oksijin ya fi saurin kisa. Ki zaunar da ita, ki tokare bayanta da matashi, ki koya mata shaƙa ta hanci da fitarwa a hankali ta tsukakken baki.

Nas a ɗakin gaggawa:
Ƙanwata, ki ƙara da lura da ita kanta na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin. Sanyin hannu a hunturu, da jan farce, da baƙin lalle suna iya rikita ta. Wani bincike na Jami'ar Michigan da ke Amurka a 2020 ya nuna cewa ta fi kuskuren gano ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata, wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye. Saboda haka ki ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, na babba 12 zuwa 20 ne, ki duba harshe da dasashi ko sun yi shuɗi, ki ji ko tana iya kai ƙarshen magana ba tare da ta tsaya jan iska ba.

Nas a ɗakin yara:
Malam, a ba ni dama in yi gargaɗi kada ta ɗauki wannan ƙa'ida ta 88 zuwa 92 ta kai ɗakin yara. Yaro mai nimoniya, wato ciwon sanyin huhu, da awonsa ya gaza 90 ana sa masa oksijin nan take, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, musamman idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ko ya kasa shan nono.