Cycling ɗin tankin kifin ruwan gishiri, me za mu ce masa da Hausa?

Salam jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki. Sati uku kenan da na haɗa tankin gilashi na farko a gida nan Jidda, lita 120, irin na ruwan gishiri da ake sa murjani mai rai da ƙananan kifin teku, kuma har yau ba kifi ko ɗaya a ciki, ruwa ne kawai da duwatsu da yashi da famfo yana ta gurnani dare da rana. Jiya mahaifiyata ta kira ta bidiyo tace wai ina kifin da aka kashe ma kuɗi, na buɗe baki zan mata bayani sai na ji Turanci ya tokare ni, don abin da ake yi a wannan lokacin sunansa cycling kuma in nace mata haka wlh keke za ta ɗauka.

Ga abin a taƙaice don masu ba da shawara su san me ake sa ma suna. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita kuma guba ce, ko kaɗan ce tana ƙona wurin da kifi ke numfashi. Akwai wasu bakteriya da ke cinye amoniya su mai da ita naitirayit, shima guba ne, sai wasu daban su mai da shi naitiret wanda da sauƙi, ana rage shi da canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da isassun bakteriyan nan, to sai ka zuba amoniya da hannunka ko ka jefa ɗanyen jatan lande guda ya ruɓe, ka zauna kana jira su hayayyafa. Yawanci sati 4 zuwa 6. Ana cewa ya gama in ka sa amoniya ta kai 2 ppm, wato miligiram 2 a kowace lita, ka dawo bayan awa 24 ka tarar ita da naitirayit duk sifili. To wannan jiran da abin da ke faruwa cikinsa, me sunansa?

—

Ai kalmar daga zagaye take, amoniya zuwa wancan zuwa wancan. Ka ce "zagayen ruwa" ko "kewayen ruwa" kawai a wuce wajen.

—

Ɗan'uwa na gode amma ban yarda ba. In kace zagayen ruwa duk wanda ya ji zai ɗauka aikin famfo ake nufi, ruwa ya fita ya dawo, kuma wannan ai tun ranar farko ake yinsa. Mutum zai kunna famfo awa biyu yace ruwa ya zagaya ya je ya sayo kifi, kwana uku ya kwashe gawa. Kuma in za a bi gaskiya a cikin tanki abin ma ba zagaye yake ba, hanya ce miƙaƙƙiya da ta tsaya a naitiret, kai za ka kwashe shi da bokiti.

—

Toh ku ce "tsima ruwa" mana, kamar yadda ake tsima magani a bar shi ya kwana biyu ya yi ƙarfi. Tsimin tanki.

—

Hajiya kin kusa, amma kin san dai inda hankalin mutane zai tafi in aka ce tsimi, ni ba zan iya rubuta ma surukina cewa ina tsimi sati uku ba 😂 Bayan wasa kuma akwai matsala ta gaske, duk kalmar da ta jingina abin ga ruwa za ta ɓatar da sabon shiga. Bakteriyan ba a ruwa suke zaune ba, a jikin dutse da yashi da soson matata suke manne. Shi yasa in ka ɗebo ruwan tsohon tanki ka zuba a sabo kusan ba abin da ka yi, amma in aka ba ka dutse ɗaya daga tsohon tanki ka rage kwanaki sosai. Irin yadda ake zuba ɗan tsohon nono cikin madara ta kama, sai dai a nan dutsen ne nonon.

—

Yarana ku bari tsoho ya sa baki. Ni a Fot Sudan na girma, bakin Bahar Maliya, murjanin da kuke saye a shago mu a ƙarƙashin kwale-kwale muke ganinsa, tsohon garin Sawakin ma da dutsensa aka gina shi kamar dai tsohuwar Jidda inda kake. Kafin ku kai ga jiran ku fara gyara sunan gidan. Murjani kalmarmu ce tun da daɗewa, daga Larabci, tana cikin Suratur Rahman tare da lu'ulu'u, iyayenmu mata sun san shi a wuya. To wurin da ya taru a teku ku ce tudun murjani, tankinku kuma tankin murjani, ba sai an ce rif irin na Turanci ba. Shi kuwa jiran, ni "nuna" zan ce. Tanki ya nuna. Marina ma haka suke da karofi, a haɗa baba da toka a bar shi kwanaki, ba mai tsoma zane sai ya yi.

—

Allah ya ƙara girma Baba, tudun murjani na karɓa hannu biyu, ba gardama. Sai dai a riƙa ƙara "mai rai" don na wuya ƙashi ne ya rage, na tanki kuwa dabba ce, mutane da yawa suna ɗauka tsiro ne ko dutse alhali ƙananan dabbobi ne masu baki, da wata gansakuka a cikin naman jikinsu da ke musu abinci da haske, shi yasa fitilar tankin take da tsada haka.

Nuna ɗin ne na kwana ina juyawa. Ta fi duk waɗanda aka kawo don tana ce ma mutum jira, kuma tana nuna ba kai kake yi ba, abin da kansa yake yi. Amma ga inda na tsaya. Masu wannan harka suna da mataki biyu, ba ɗaya ba. Na farko shine wannan na sati 4 zuwa 6, in ya wuce za ka iya sa kifi biyu ƙanana. Bayan nan sai tanki ya shiga munin da kowa ke kuka da shi, wata gansakuka ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi, ta tafi kore ta zo, awon sinadaran ruwa yau sama gobe ƙasa, sai an yi wata shida ko fi kafin ya natsu har ka yarda ka sa murjani masu tauri masu tsada. In muka kashe "nuna" a kan na farko, me za mu ce ma na biyu?

Sai na tuna mangwaro. Ai muna cewa ya ƙosa amma bai nuna ba. Ya gama girma, in ka tsinka ba zai lalace ba, amma ba a kai ga sha ba tukuna. To ga shawarata, cycling a ce ƙosawa. Tanki yana ƙosawa, tanki ya ƙosa, bai ƙosa ba kar ka sa kifi. Na wata shidan kuma a bar ma Baba kalmarsa, tanki ya nuna.

—

Malam wannan ta zauna. Har ma da ribar ƙafa, don kafin tanki ya ƙosa mai tankin ne ke fara ƙosawa.

—

Ni fa ina da ja. In za ka ce kai ne kake yi sai kace "ina ƙosar da tanki", ƙosar da kuma ai ciyarwa ce har a ƙoshi. Wani zai ji ya yi ta ɗura abinci.

—

Gaskiyarka, na lura da wannan. Inaga mafita kar a yi amfani da ƙosar da sam, a ce "na bar tanki ya ƙosa" ko "ina jiran ya ƙosa", dama haka abin yake, aikinka kaɗan ne a ciki. Ka haɗa ruwa da gishirin teku na kanti, ba na miya ba, kamar giram 35 a kowace lita har awon gishiri ya nuna 1.025, ruwan kuma tatacce don sinadarin kilorin na ruwan famfo kashe bakteriyan yake. Zafi wajen digiri 25 zuwa 26. Famfo kar ya tsaya don suna buƙatar iska. In ruwa ya ragu ka cika da ruwan daɗi, don ruwa ne ke tashi gishirin yana nan, ni satin farko na cika da na gishiri sau biyu sai da awo ya haura na gane wautata. Daga nan sai gwaji duk bayan kwana biyu uku, shikenan.

—

To wanda ya sayi bakteriyan kwalba ya zuba don ya yi sauri fa?

—

Wannan ai shine masu nukar ayaba 😄 a ce ya nuka tanki. Yana aiki, yana rage kwanaki, amma ko an nuka sai an gwada da amoniya an ga sifili kafin a ce ya ƙosa, kar a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba kawai.

Na sake kiran Umma ɗazu nace mata tankin ne bai ƙosa ba, tace to ai sai a jira, ba ta ƙara tambaya ba. Awon safiyar yau amoniya sifili, naitirayit har yanzu yana sama, naitiret ya fara fitowa, inaga saura kwana goma. Kafin nan a taya ni da na gaba, akwai wata na'ura da ke kaɗa ruwa ya yi kumfa ta tara ƙazanta a kofi, ni matatar kumfa nake ce mata a gida amma yarona yace ai ba kumfar take tacewa ba.