Neman kalma: me za mu kira osteoporosis a rediyo?

Mai Shiri: Salamu alaikum. Gobe zan naɗi shirin lafiya na 20 ga Oktoba, ranar wannan cuta ta duniya. Ƙashi ne ke rasa ƙwarinsa har 'yar faɗuwa ta karya ƙugu ko wuyan hannu, kuma ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada. Ku agaza da suna, da kuma yadda zan faɗi illar magungunanta.

Ɗan Zariya: Sanyin ƙashi mana.

Nas: A'a, yaya. Da ka ce haka, masu ciwon gaɓoɓi ne za su cika layin waya. Wannan ba ta ciwo, sai an karye ake ganewa.

Malamin Hausa: Zaizayar ƙashi. Yadda ruwa ke cin gefen gona a hankali, mai gona bai ankara ba.

Dattijo: Muna da gautsi, me ya kai mu aron hoton gona? Gautsin ƙashi. Shekara nawa ina faɗa, yaran yanzu ba sa buɗe ƙamus.

Malamin Hausa: Baba, zaizaya ma Hausa ce tsantsa.

Dattijo: Hausar jarida dai. Larabawa ma hashasha suka ce, ma'anarta gautsi.

Ɗan Damagaram: To ai kun koma neman hujja a Larabci. Kuma kullum Kano ke yanke mana hukunci, sai ka ce mu ba Hausa muke ji ba.

Nas: Don Allah ku dawo kan magani. Kada ku ce "illar magani". Gwaggona ta ji haka ta ɓoye alendronate, maganin wannan cuta, ƙarƙashin katifa wata uku. Ƙwaya ɗaya ce a mako, da sassafe kafin a ci komai, da ruwa cikakken kofi, kuma ba a kwanciya sai bayan minti 30. Wanda ya kwanta, ƙwannafi da zafin maƙogwaro ke binsa. Na ƙarin ruwa, zoledronate, sau ɗaya a shekara, yakan sa zazzaɓi na kwana biyu ko uku. Allurar Prolia ta duk bayan wata 6 kuwa ba a barinta kai tsaye sai da shawarar likita. A kuma duba haƙora kafin a fara, don akwai matsalar muƙamuƙi, ko da yake ba ta cika faruwa ba.

Mai Shiri: Na gode, anti. Zan ce "abin da kan biyo bayan shan magani". Suna kuma, zaizayar ƙashi, in ƙara da cewa tana sa shi gautsi.

Dattijo: Na yarda na gobe kawai. Amma ka fito da ƙ ɗin nan sosai a bakinka, mutane na saurare.